Na sa 245/45 a baya, 245/40 a gaba, yanzu motata tana cijewa a kwana

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san motoci masu jan taya huɗu. Motata Subaru WRX ce ta 2017, mai giyar hannu, tayoyin da ta zo da su 245/40R18 ne. Mako uku da suka wuce ina dawowa da dare na faɗa wani rami, tayar baya ta dama ta yage ta gefe, ba ta yin faci. Da safe na je wajen wani mai taya, ya ce ba shi da 245/40 amma yana da 245/45R18 guda biyu masu kyau. Ya ce faɗi ɗaya ne, rim ɗaya ne, biyar ɗin da ke tsakani ba wani abu ba ce, har ma bayan motar zai ɗan ɗaga. Na yarda aka ɗaura biyun a baya. Tun daga nan na je Kaduna daga Kano na dawo sau biyu. Yanzu idan na yi doguwar tafiya, na zo shiga gida na karya sitiyari gaba ɗaya, sai motar ta riƙa cijewa tana ɗan tsalle kamar an ja birkin hannu, tayoyin suna ƙugi a kan simintin tsakar gida. Da safe in tana da sanyi ba ta yi. Wani ya ce shaf ne, wani ya ce sitiyari. Ko tayoyin nan ne?

Bakaniken Fanteka: Wa alaikumus salam. Alhaji, ajiye motar nan tukuna. Kada ka sake hawa babban titi da ita sai ka sauke tayoyin nan. Ba shaf ba ne. Shaf in ya lalace ƙas-ƙas-ƙas yake yi a kwana, ko da sanyi ko da zafi. Wanda ke jiran mota ta ɗau zafi sannan ya cije, wannan difarenshal ɗin tsakiya ne, wato abin da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin gaba da na baya.

Alhaji Mai Haya: Haba dai. Shekara nawa muna haɗa taya kala-kala a mota? Ina da motoci a hanya, wata gaba daban baya daban, babu wadda giyabos ɗinta ya mutu saboda taya. Masu gyara kun fiye tsorata mutane. Ka je a duba maka boris da shaf kawai.

Bakaniken Fanteka: Yallabai, motocinka na haya tayoyin gaba ne kaɗai ke jan su. Na baya bi kawai suke yi, ko tayar keke ka sa babu ruwan giyabos. Tasa kuwa gaba da baya a ɗaure suke da farfela ɗaya, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya.

Injiniya Na Zariya: Bari mu yi lissafin, don ita biyar ɗin da aka ce ba komai ba ce, a nan gizo ke saƙar. Lambar tsakiya ba milimita ba ce, kashi ne cikin ɗari na faɗin tayar. Tsayin gefen 245/40 shi ne kashi 40 na 245, wato milimita 98. Na 245/45 milimita 110 da ɗoriya. Gefen taya kuma sama da ƙasa yake, sai ka ninka. Rim na inci 18 milimita 457 ne. Saboda haka tayar gaba tsayinta milimita 653, ta baya 678. Kusan milimita 25 ke nan a tsayi.

Amma mota ba tsayi take ji ba, kewaye take ji, wato nisan da taya ke ci a juyi ɗaya. Ta gaba milimita 2,052, ta baya 2,129. Bambanci milimita 77 a kowane juyi, kusan kashi 3.75 cikin ɗari. A kilomita ɗaya tayar gaba za ta juya sau 487, ta baya sau 470. Juyi 17 zuwa 18 ya ɓace a tsakani, kuma dole wani abu a cikin motar ya shanye shi, tunda gaba da baya ba za su rabu a hanya ba.

Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne. Ka yi zuwa da dawowa sau biyu, kilomita 920, juyi sama da 16,000 a wajen taya. Difarenshal ɗin tsakiya kuma ba gudun taya yake gani ba, gudun farfela yake gani, wanda ya ninka na taya kusan sau huɗu. Ka ga sama da juyi 60,000 ke nan na zamewa a cikin abin da bai fi gwangwanin madara babba ba. A gudun kilomita 120 a awa, bambancin da yake shanyewa kusan juyi 140 ne a minti, ba hutu.

Baban Hanifa: Innalillahi. Injiniya, wallahi ban taɓa ɗaukar abin haka ba. To mene ne a cikin gwangwanin da yake lalacewa?

Bakaniken Fanteka: Mu biskos muke ce masa. WRX mai giyar hannu tana raba ƙarfi rabi gaba rabi baya, sai aka sa wannan biskos ɗin a tsakiya don in ɓangare ɗaya ya fara sulɓi ya riƙe shi. A ciki faifai ne sirara na ƙarfe a jere, ɗaya na gaba, ɗaya na baya, ɗaya na gaba, ɗaya na baya, suna cikin wani mai na silikon mai kauri kamar zuma. In gudunsu ɗaya, tare suke juyawa, man yana kwance lafiya. In ɗaya ya fi ɗaya gudu, faifan suna yanka man, man ya yi zafi ya kumbura ya matse su, sai ƙarfi ya koma inda taya ke da kamu. An yi shi ne don daƙiƙa kaɗan, a laka ko yashi ko ruwa. Ba a yi shi don ya yi awa uku yana dahuwa ba.

Na taɓa yanka wani da ya mutu don yarana su gani. Man da ya kamata ya zama garau ya koma baƙi ƙirin, ya daskare kamar kwalta, sai da muka sa sukudireba muna ɓanɓaro faifan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, gefensu ya lanƙwashe. Warin ƙuna ya kwana a garejin. Mai motar shekara guda ya yi da sababbin taya biyu a gaba, suɗaɗɗu biyu a baya.

Ɗan Autan Gudu: Oga Injiniya, ina da ja. In har dole taya huɗu su zama iri ɗaya, me ya sa Nissan GT-R take zuwa da 255 a gaba, 285 a baya? Ita ma taya huɗu take ja. Porsche 911 Turbo ma haka, na bayanta kamar ganga. Ke nan kamfanonin ba su san lissafin ba?

Injiniya Na Zariya: Ƙanena, tambayarka ta yi kyau, kuma amsar tana cikin lambobin da ka tsallake. GT-R ta R35, wadda ta fito 2007, gabanta 255/40 a rim 20, bayanta 285/35 a rim 20. Gefen ta gaba milimita 102, na ta baya kusan 100. Tsayin ta gaba 712, ta baya 707 da rabi. Ka ga faɗi ya bambanta da milimita 30, amma tsayi bai kai milimita 5 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Da gangan aka rage lambar tsakiya a baya don tsayin ya zo kusa. Faɗi daban, kewaye kusan ɗaya.

Na Porsche ya fi koyar da darasi. 911 Turbo samfurin da ake kira 996 tana da biskos ita ma, gabanta 225/40R18, bayanta 295/30R18, tsayi 637 da 634. Da aka zo 997 Turbo a 2006, sai aka sa 235/35R19 a gaba, 305/30R19 a baya, tsayi 647 da 666. Nan ta baya ta fi ta gaba da kusan kashi 3 cikin ɗari. Amma sai suka yi wa giyar aksul ɗin gaba haƙora daban da na baya, yadda idan aka zo wajen farfela gudun zai daidaita. Shi ya sa mai 996 da ya ga rim da tayoyin 997 sun burge shi ya ɗaura wa tasa yake jefa biskos ɗinsa cikin wahala, ga shi kuwa kamfani ɗaya ne, ƙusoshin ma sun shiga daidai.

Saboda haka ƙa'idar ba wai dole taya huɗu su zama lamba ɗaya a kowace mota ba. Ƙa'idar ita ce, yadda kamfani ya auna kewayen gaba da na baya, ka bar shi haka. A WRX awon ɗaya da ɗaya ne.

Ɗan Autan Gudu: Na gamsu da wannan. Ban taɓa lissafa na GT-R ba.

Alhaji Mai Haya: Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Ai ko da tayoyi iri ɗaya ne, in mota ta sha kwana tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa. Kowa ya ga sawun mota a yashi ya san haka, na gaba a waje na baya a ciki. To in difarenshal ɗin yana ɗaukar wannan kullum bai mutu ba, me zai sa taya ta kashe shi?

Injiniya Na Zariya: Gaskiyarka Alhaji, sawun yashin nan hujja ce, kuma saboda shi ma aka sa difarenshal a tsakiya tun farko. Sai dai kwana daƙiƙa biyar ce ko goma, a hankali ake shan ta, sannan a miƙe hanya man ya huce. Babban titi kuwa kwanarsa faɗi gare ta, bambancin ba ya kai komai. Abin da tayoyin Baban Hanifa suka yi shi ne sun sa motar tana ji kamar tana cikin kwanar da ba ta ƙarewa, a gudun 120, daga Kano har Kaduna. Mutum yana iya ɗaga buhun siminti ya sauke. Ka ce ya riƙe shi a sama awa uku ka gani.

Maman Sadiq: Salamu alaikum. Ni a Ingila nake, Golf R nake tuƙawa. Ita ma haka abin yake? Na ji an ce tawa ba biskos ba ce. Kwanan baya ƙusa ta shiga tayar gaba ɗaya kusa da gefe, suka ce ba ta gyaruwa, suka auna zurfin zanen sauran ukun kafin su yarda su sa min guda ɗaya.

Injiniya Na Zariya: Hajiya, yawancin Golf R Haldex gare su, irin wadda aka sa a Audi S3 da TT. Tun 1998 ake sa ta a motocin gidan Volkswagen da Audi. Kuloci ne mai faifai da yawa a jikin aksul ɗin baya, kwamfuta ke matse shi da famfon mai. Kwamfutar tana karanta sensar kowace taya, waɗannan dai na ABS, na'urar da ke hana birki kulle taya. In tayoyin gaba sun fi ƙanƙanta, kullum za su riƙa nuna sun fi gudu, ita kuma sai ta ɗauka sulɓi suke yi, ta matse kulocin ba gaira ba dalili. Faifan su yi ta gogar juna, man ya yi zafi ya yi baƙi da wuri. Ƙananan bambanci kwamfutar tana iya koya ta yafe, babba kuwa ba ta iyawa. Irin wannan ne a BMW masu jan taya huɗu da ake kira xDrive, inda kulocin yake bayan giyabos, kuma alamar da aka fi sani ita ce fizga-fizga idan an taka totur a hankali.

Taya ɗaya kuma lissafinta ya ɗan bambanta da biyu. Difarenshal ɗin aksul yana ɗaukar matsakaicin gudun hagu da dama ne ya miƙa wa tsakiya, don haka rabin bambancin ne ke isa can. Sauran rabin kuma aksul ɗin da kansa yake sha. In difarenshal ɗin sakakke ne ba ya damuwa sosai. In mai kullewa ne, kamar na Subaru STI da ke da shi gaba da baya, to shi ma ya shiga aiki ba dare ba rana. Abin da suka yi miki, auna sauran ukun, shi ne daidai.

Na Maraɗi: To manyan Audi hwa, irin S4 da RS? Mu nan ana cewa quattro, tsarinsu na jan taya huɗu, ba ta mutuwa.

Bakaniken Fanteka: Malam, waɗannan masu injin da aka miƙe daga gaba zuwa baya ne, yawancinsu Torsen gare su. Haƙora ne zalla masu murɗe, babu silikon babu kwamfuta. Ya fi biskos haƙuri, gaskiya ne. Amma haƙoran suna gogayya ne su ma, man giya yana zafi, wasa yana shiga. Haƙuri ba rashin jin ciwo ba ne.

Mai Taya Na Sabon Gari: Ku yi haƙuri in sa baki, tunda sana'armu ake magana. Ba na kare wanda ya sayar wa Baban Hanifa, abin da ya yi kuskure ne. Amma ku sani 245/40R18 ba lambar da ke yawo a kasuwa ba ce. Mutum zai zo motarsa a kan jak, yana sauri, ya ce a sa masa duk abin da ya shiga. Ka ce ya jira kwana uku a kawo daga Legas, sai ya tafi shagon gaba. Kuma mafi yawanmu motocin da muka saba da su gaba kawai suke ja.

Abin da nake so in ƙara, wanda ba a faɗa ba: ko lamba ɗaya ce, in kamfani daban ne, tsayi yana iya bambanta. Na sha jera 245/40R18 biyu a ƙasa, na ɗora katako a kansu, katakon ya karkata. Ga kuma 'yan Baljiyam. Za ka ga huɗu lamba ɗaya, ɗaya zanenta milimita 7, ɗaya 4, ɗaya ta 2016 ɗaya ta 2021. Ku riƙa duba lambobi huɗun ƙarshe da ke gaban DOT a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3219 na nufin mako na 32 a 2019. Mai irin motar Baban Hanifa in zai sayi na hannu, ya nemi waɗanda aka sauke daga mota ɗaya.

Injiniya Na Zariya: Allah ya saka, Malam. Wannan batu na kamfani daban shi ya sa Porsche suke da alamar N a tayoyin da suka amince da su, BMW tauraro, Audi AO, Mercedes MO. Ba ado ba ne, an gwada tayar da motar.

Kuma batun zane ba ƙaramin abu ba ne. Sabuwar taya tana zuwa da zane wajen milimita 8. Wadda ta ci ta koma 3 ta rasa milimita 5 ta kowane gefe, 10 a tsayi, kusan 31 a kewaye in ka zagaya ta da tef. Ma'aunin da masu Subaru suke riƙe da shi kuwa shi ne kada kewayen tayoyin huɗu ya bambanta fiye da rubu'in inci, wato kimanin milimita 6. Na Baban Hanifa 77 ne a takarda. Ya ninka ma'aunin sau goma sha biyu. A Amurka har inji suke da shi na aske sabuwar taya ta dawo daidai da sauran ukun, don kada mutum ya sayi huɗu saboda ɗaya.

Ɗan Autan Gudu: To ga mafita mai sauƙi. Tunda ya riga ya sayi 245/45 biyu, ya ƙaro biyu irinsu ya sa a gaba. Huɗu sun daidaita, mota ta ɗaga, ramuka sun rage masa ciwo. Ko ba haka ba?

Alhaji Mai Haya: Yauwa, wannan ita ce magana. Ba sai an yi asarar biyun ba.

Injiniya Na Zariya: Ta fuskar biskos, e, in huɗun kamfani ɗaya ne kuma zanensu ɗaya, zai huta. Amma akwai kuɗin da za a biya ta wasu wurare. Maleji zai riƙa yi maka ƙarya, in ya nuna 100 kana wajen 104, in ya nuna 120 kana dab da 125. Kowace giya ta yi tsawo da kusan kashi 4, wato motar za ta yi nauyin tashi, kuloci ya ƙara shan wuya a go-sulo. Tayar ta fi nauyi, shokazoba da boris su ji a jikinsu. Sannan milimita 12 da aka ƙara ta sama, a motar da dama a ƙasa take, yana iya sa tayar gaba ta riƙa gogar robar cikin madigadi idan an karya sitiyari ko an faɗa gangare da kaya. Motar gudu ce, an saita ABS da na'urar hana sulɓi a kan wani tsayi na taya. Ni ba zan wuce kashi 2 ba ko da a huɗun ne.

In ramuka ne damuwar, ga hanyar da ta fi: a sauko rim 17. WRX ta 2017 ma ƙaramin samfurinta da rim 17 ya zo, don haka birkin zai shiga. A sa 245/45R17. Rim milimita 432, gefe 110 sau biyu, tsayi 652. Na asali 653. Milimita ɗaya ke nan. Ka samu ƙarin naman taya milimita 12 tsakanin rim da bakin rami, maleji bai canza ba, giya ba ta canza ba, babu gogar madigadi. Lambar 45 ɗin da mai tayar ya ba ka ba laifi ba ce a kanta, rim ɗin da aka ɗora ta ne ba nata ba.

Bakaniken Fanteka: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. In ƙara wa Ɗan Auta, tunda na san inda hankalinsa yake. Yaran da ke sa taya mai faɗi mai danƙo, su tayar da inji sama su saki kuloci lokaci ɗaya, su sani mota mai jan baya tayarta ce ke juyawa a banza ta yi hayaƙi, ƙarfin ya fita ta nan. Mai jan huɗu ba ta da wannan ƙofar. Taya huɗu sun kama ƙasa, dukan sai ya koma kan kuloci, ko shaf, ko haƙoran giya ta ɗaya da ta biyu. Duk ƙarin faɗin da ka yi, ka ƙara rufe ƙofar ne.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yaya zan tabbatar da kaina kafin in kashe kuɗi? Kuma yaya zan san ko biskos ɗin ya riga ya tafi?

Bakaniken Fanteka: Abu biyu. Na farko, samu fili mai siminti a miƙe. Ka daidaita iska da geji yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, kada ka bar mai faci ya auna da bugun hannu, don taya mai ƙarancin iska ita ma gajeruwa take zama. Ka sa alli a gefen kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa, ka ja layi a simintin. A tura motar a hankali, giya a furi, sitiyari a miƙe, wani yana ƙirga juyin taya har goma, ya sake jan layi. Ka auna da tef. Kowace taya a yi mata nata. Juyi goma ne don ƙaramin bambanci ya fito fili.

Na biyu sai bayan ka sa tayoyi huɗu daidai. Ka yi tafiyar rabin awa ta ɗau zafi, ka shiga fili, ka karya sitiyari gaba ɗaya, giya ta ɗaya, ka yi ta zagaye a hankali hagu da dama, sannan da ribas. Lafiyayye zai zagaya sumul, ko totur ba sai ka taka sosai ba. Wanda ya ƙone zai riƙa cijewa yana saki, har inji ya nemi mutuwa.

Kuma don Allah in za a kawo ta gareji, ko a tuƙo ta a hankali in kusa ne, ko a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗaukar mota. Kada a ɗaga gaba a bar baya yana gudu a ƙasa. Wannan a kilomita kaɗan yake gama biskos.

Maman Sadiq: To ƙaramar safayar nan siririya da ke cikin but fa? Ai ita ma ba tsayinsu ɗaya ba.

Bakaniken Fanteka: Hajiya, shi ya sa aka rubuta 80 a jikinta, kuma daga inda taya ta fashe zuwa wajen mai taya aka yi ta, ba don a yi sati da ita ba. Tsofaffin Subaru masu giya otomatik har wani gurbin fis suke da shi a gaban inji, an rubuta FWD, in ka sa safaya sai ka cusa fis a ciki motar ta koma jan gaba kawai. Masu giyar hannu ba su da wannan, tunda nasu ƙarfe ne da mai, babu waya.

Baban Hanifa: Na dawo da rahoto. Jiya bayan la'asar ni da ƙanena da wani maƙwabci muka yi awon a filin wata makaranta. Tayoyin gaba, juyi goma, mita 19 da santimita 78, su biyun kusan daidai. Na baya mita 20 da santimita 64. Da muka tsaya muna kallon layukan allin biyu a ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu ta kusa tsawon ƙafata tun daga ƙugu. A juyi goma kacal. Gani ya kori ji.

Injiniya Na Zariya: Santimita 86 a mita 20, sama da kashi 4 ke nan. Ya fi lissafin takarda saboda na gabanka sun riga sun ci. Kada ka damu da ganin awon ya gaza 2,052 da na faɗa, taya in tana ɗauke da nauyin mota kewayen da take birgima a kai yana ɗan raguwa. Tazarar ita ce abin dubawa.

Alhaji Mai Haya: To, wannan kam ba a musu da tef. Akwai wata jif a gidana mai jan huɗu da yara suka sa wa sababbi biyu a gaba da sallah. Gobe zan sa a yi mata allin nan.

Mai Taya Na Sabon Gari: Alhaji Baban Hanifa, in 245/45R18 ɗin nan ba su yi wata ɗaya ba, kada ka yar da su. Lamba ce da manyan motocin gida suke ci, za ka samu mai saye ko musaya cikin sauƙi. Rim 17 kuma ka tabbatar ramukan ƙusa biyar ne a kan 114.3, don tsofaffin Subaru da yawa 100 ne, ba za su shiga taka ba.

Baban Hanifa: Na bi shawarar Injiniya. Na samu rim 17 guda huɗu na WRX, na sa 245/45R17 sababbi, kamfani ɗaya, duk na mako ɗaya. Mun sake awon alli, huɗun ba su bambanta da fiye da santimita 2 a juyi goma ba. Motar ta yi laushi a hanya, wani gurnani da nake ji ƙasa-ƙasa a gudun 100 ya ɗauke. Amma gwaji na biyu bai yi daɗi ba. Da sanyi tana zagayawa lafiya. Bayan na yi minti arba'in a hanya na dawo filin, ta ci gaba da cijewa, ba kamar da ba, amma tana yi, musamman da ribas. Oga, a canza man giya ko zai sake?

Bakaniken Fanteka: Canza man giya yana da kyau bayan zafin da ya sha, ka canza har na aksul ɗin baya, ka kuma duba maganaɗisun da ke jikin ƙusar zubar da mai ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Amma ba zai gyara biskos ba. Shi a rufe yake ruf, man silikon ɗinsa ba ya haɗuwa da man giya, ba a ƙara masa ba a rage masa. Tunda yana cijewa da zafi da tayoyi daidai, ya riga ya taɓu, canzawa za a yi. Ta bayan giyabos ake fito da shi, a cire salansa da farfela a buɗe murfin baya. In an buɗe a duba boris ɗin wajen gaba ɗaya, don su ma sun sha matsi. Ka turo min lambar giyabos ɗin, tana kan wata 'yar takarda a samansa kusa da inji, kafin a nemo wani, saboda ba kowane na Subaru ne ke shiga ba. In na hannu za a saya, a kawo shi nan mu ɗaure a bais, wato mamatsin ƙarfen gareji, mu murɗa mu ji ƙarfinsa kafin ka biya. Kafin nan cikin gari kawai, ka bar zuwa Kaduna.

Baban Hanifa: To Oga, in sha Allahu gobe da safe zan ɗauko hoton takardar in turo maka.